Kafaɗar Roseline

Ni ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu na Greensboro. Ba don na fi kowa iyawa aka ba ni ba. Mai tulu a baya take zama, kuma ba a tambayarta komai, wannan kuwa ya yi mini daidai, domin ni in mutum uku suka juyo suka dube ni a lokaci guda, sunana ma sai na yi tunani kafin in tuna shi. Jimmai ne sunan.

Yayana Bernard ne ya kawo ni Amurka a shekarar 1995, in riƙa kula da yaransa, shi da matarsa suna karatu a jami'a. Cocin namu ƙarami ne. Wani cocin Turawa da ke Pleasant Garden ya ba mu aron ɗakinsa na ƙasa, muna sujada da Hausa ranar Lahadi da ƙarfe biyu, bayan su sun tashi. A sauran ranaku tsofaffin matan cocin ne ke motsa jiki a ɗakin, shi ya sa bango ɗaya gaba ɗayansa madubi ne. Aikina na farko kowace Lahadi shi ne in ja labule in rufe madubin, don Mama Rifkatu ta ce ba a yabon Ubangiji ana kallon ɗaurin kallabi.

Mama Rifkatu ita ce uwar zumunta. Ita ta ɗauko tulun a cinyarta tun daga Jos, ta hana ma'aikatan jirgi su taɓa shi. Mu takwas ne a ƙarƙashinta, kuma ba wadda ke musu da ita.

Wata Lahadi a watan Oktoba na 1996 wata mata ta shigo ta zauna a kujerar ƙarshe, kusa da ni. Doguwa ce, da kayan aikin asibiti a jikinta. Ina ganinta soson da nake buga tulu da shi ya kusa faɗuwa daga hannuna.

Lokacin da nake aji biyar a firamare akwai wasu 'yan mata uku mawaƙa da ake kira Balbelu. Fararen kaya suke sawa, duk Asabar ana nuna su a talabijin, mu kuma mu taru a tagar gidan hedimasta muna leƙe. Waƙarsu da ta fi tashe ita ce Mai Keke Jira Ni, kuma tana da rawarta: kafaɗar hagu sau biyu, ta dama sau ɗaya, sai a ɗan rusuna. Mun sha bulala a kan rawar nan a layin asambili. To, ta tsakiyar Balbelun ce ke zaune kusa da ni, tana neman shafi a littafin waƙoƙi.

Anti Akosua ce ta fara yi mata magana. 'Yar Gana ce, ma'aikaciyar jinya, a zangon Kumasi ta tashi, kuma bakinta ba shi da birki. Ana tashi daga sujada ta tare ƙofa.

"Baiwar Allah, tsaya. Ke ba Balbela ba ce? Ta tsakiyar nan mai dogon wuya?"

Matar ta yi murmushi. "A da ke nan, Anti. Yanzu gashin ya zube. Sunana Roseline."

Nan da nan mata suka kewaye ta. Ta ba mu labari a taƙaice. Sun zo Amurka yin wasa shekara uku da suka wuce, suka yi faɗa a otal, kowace ta kama gabanta. Ita ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi ta wajen Summerfield. A can wata tsohuwa da ke gab da rasuwa ta riƙe mata hannu ta ce ta yi mata waƙa.

"Na duba duk waƙoƙin da suka sa aka san ni," in ji Roseline, "na rasa wadda za a yi wa mai shirin tafiya. In ce mata mai keke ya jira ta? Sai na yi mata wadda mamata ke yi a zumunta. Tun daga ranar ban sake buɗe baki don duniya ba. Na shirya sababbin waƙoƙi na yabo, amma ba ni da masu amshi. Ina so ku karɓe ni, in tsaya tare da ku ranar Godiyar Kaka, ranar da ake kawo amfanin gona coci."

Kowa ya juya ya dubi Mama Rifkatu. Mama ta dubi Roseline tun daga kai har takalmi.

"Na taɓa ganinki a talabijin," ta ce. "Na kashe."

"Kin kyauta, Mama."

"Zanin zumunta ɗaya ya rage a akwatina. Babu mai zuwa gida ya kawo wani sai baɗi. Wadda ba ta da zani ba ta tsayawa a layi ranar Godiya, ko da muryarta ta fi ta mala'ika. Saura Asabar uku. Za ki zo gwaji, ki tsaya a baya, ki yi amshi kamar kowa. Amma kafaɗar nan taki." Ta nuna ta da yatsa. "In ta yi mini abin da na gani a talabijin, zanin zai ci gaba da kwana a akwati."

"Ba za ta yi ba, Mama."

"Za mu gani. Jimmai."

Na leƙo daga bayan tulu.

"Ke kike baya. Ki sa mata ido. Ke zan tambaya."

Asabar ta farko a garejin gidan Mama muka yi gwajin, kamar yadda muka saba. Mata suka jeru a layi ɗaya suna fuskantar ƙofa, Mama a tsakiya tana ba da waƙa, ni a baya a kan kujera 'yar tsuguno, Roseline a tsaye a gefena. Da kiɗan tafiya muka fara, mai sanyi, wanda ake shiga da shi. Roseline ta tsaya cak. Muryarta kuwa, ko da ta rage ta don kada ta rufe ta sauran, sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai Mama ta ɗauko waƙar kaka, ni kuma na juya hannu zuwa kiɗanta. Kiɗa ne mai sauri, bugu biyu a bakin tulu, ɗaya a cikinsa. Ban kai ga yin zagaye uku ba na ga kafaɗar hagu ta ɗaga. Sau biyu. Ta dama ta amsa. Roseline ta kai hannu ta danne ta kamar mai kama kaza, kafaɗar ta kuɓuce.

Da aka gama Mama ta juyo. "Jimmai, ta motsa?"

Ban iya ƙarya ba, kuma ban iya magana ba. Na sunkuyar da kai ina kallon bakin tulu.

"Na ji amsa," in ji Mama. "Saura biyu."

Asabar ta biyu Roseline ta zo da shiri. Ta saka wata rigar sanyi mai kauri da ta matse ta har ba ta iya ɗaga hannu sosai. Da ta ga rigar ba za ta isa ba, sai ta roƙi Anti Akosua ta ara mata jaririyarta Abena ta goya.

"Mai goyo ba ta rawa," ta raɗa mini.

"A garinku," in ji Anti Akosua, tana ɗaura mata majanyi. "In kika amayar mini da yarinya ke za ki wanke."

Kiɗan tafiya ya wuce lafiya. Da na shiga na kaka, Roseline ta rufe ido, ta ciji leɓe, gumi na zuba. Daga gaba ba wanda zai ce ga abin da ke faruwa. Amma Abena da ke bayanta ta fara tashi tana sauka, hagu, hagu, dama, sai ta ƙyalƙyale da dariya irin ta jarirai, mai ƙarfi, har ta rufe amshi. Duk lokacin da kafaɗa ta ɗaga sai ta ƙara. Mata suka fara dariya a cikin waƙa, waƙar ta watse.

Mama ba ta ma tambaye ni ba. "Wannan shaidar ta fi Jimmai baki," ta ce. "Saura ɗaya."

Ranar Roseline ce ta mayar da ni gida a tsohuwar motarta. Muka tsaya a wani shagon kayan abincin gida da ke High Point Road, za ta sayi daddawa da busasshen kifi. Muna shiga wani direban tasi ɗan Nijar, Maazou, wanda ya san yayana, ya ajiye garin rogon da ke hannunsa.

"Madam, ke ce? Wallahi ke ce. A Maraɗi kaset ɗinku sai da ya tsinke a motata, na liƙe shi da jan farce." Sai ya fara kaɗa kafaɗa a tsakiyar shago, yana rera Mai Keke Jira Ni da wata murya kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"Malam Maazou, na daina wannan," in ji Roseline. "Yanzu waƙar coci nake yi."

"To madalla, Allah ya ba da sa'a. Amma kafaɗar fa? Ita ma ta tuba?"

Ta yi dariya tare da shi, amma da muka koma mota ba ta tayar ba. Ta ɗora goshi a kan sitiyari. Na zaci addu'a take yi, sai na ga bayanta na rawa, kuma ba irin ta Balbelu ba.

"Jimmai, na bar fararen kaya, na bar makirufo, na bar sunan. Na ƙona hotuna. Kafaɗar nan ce ta ƙi barina. In ba su karɓe ni ba, ban san inda zan kai waƙoƙin nan ba. Cocin Turawa sun ce in zo in yi musu ni kaɗai a gaba, su tafa. Ni na gaji da tafi. So nake in ba da waƙa a amsa mini."

Da ƙyar na ce, "Anti, a ina kika koyi rawar?"

Ta share ido. "Wurin mamata. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Haka matan zumuntar garinmu ke yi ranar Godiyar Kaka, in sun ɗauko dammunan dawa a ka za su kai gaban bagaden coci. Hannu na riƙe da kaya, ƙafa na tafiya, kafaɗa ce kaɗai ta rage da za ta yi murna. Ni na ɗauka na koya wa sauran biyun, muka ƙara rusunawa da fari da ido."

"Ki gaya wa Mama."

"Na gaya mata. Ta ce shekararta talatin a zumunta, ba ta taɓa ganin macen kirki ta yi haka ba."

A raina na ce Mama ta yi gaskiya. Ba ta taɓa gani ba. A layi kowa gaba yake kallo, rabinsu ma ido a rufe. Mutum ɗaya ce a duk zumunta ke ganin bayan mutane, ita ce mai tulu. Shekara guda ke nan ina zaune ina kallon kafaɗu takwas, kuma na san abin da suke yi in na shiga kiɗan kaka. Na san wadda tata ta fi ta kowa tashi.

Duk makon nan na yi ta gwada yadda zan faɗa. Na gwada a gaban tukunya, na gwada ina shanya kayan yara. "Mama, ki yi haƙuri, ke ma kina yi." Ko ni kaɗai ce a ɗaki, in na kai kan "ke ma" sai muryata ta maƙale. Yaya Bernard ya same ni ina magana da injin wanki, ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya.

Gwajin ƙarshe kullum a ɗakin cocin ake yi, don a san inda kowa zai tsaya. Na riga kowa zuwa, na ja labule na rufe madubi. Mama ta zo da wata leda a hammata. Kowa ya san abin da ke ciki, ba wanda ya tambaya. Ta ajiye ta a kan tebur.

Roseline ta zo ba rigar sanyi, ba goyo. Ta ce mini ta yi azumi tun safe, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Muka fara. Ta yi ƙoƙari, ni shaida ce. Ta harɗe hannuwa ta baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya har yatsunta suka yi fari. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku, inda amshi ke hawa sama, ta manta da kanta. Hagu, hagu, dama. Sau ɗaya tak, ƙarami, amma an yi.

Waƙa ta ƙare. Mama ta juyo, sauran mata bakwai suka juyo tare da ita.

"Jimmai. Ta motsa?"

Ido goma sha shida a kaina. Roseline ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake buɗewa. Sai na ga ƙafafuna sun fi bakina ƙarfin hali. Na tashi, na ratsa ta gefen layi, na je na kama labulen na ja shi tun daga wannan bango har wancan. Ƙarar zobban labulen ta cika ɗakin. Ga mu nan duka a madubi, da kallabinmu da komai.

"Me ke nan?" in ji Mama.

Na dawo na zauna, na ɗauki soso, na shiga kiɗan kaka. Ban taɓa buga shi da kyau kamar ranar ba.

Anti Akosua ce ta fara ganewa. Ta dube ni, ta dubi madubi, sai ta ɗauko waƙar da kanta. Mata suka amsa, don ba a ba da waƙa a bar ta a ƙasa. Mama ta tsaya tana harararmu ta cikin madubi, hannu a ƙugu. Amma waƙarta ce, kuma Anti Akosua tana ja mata baiti ba daidai ba. Ba ta iya jurewa ba, ta karɓe.

Tana karɓa kafaɗarta ta hagu ta tashi. Sau biyu. Ta dama ta amsa.

Na ga lokacin da ta gani. Idonta ya sauka daga fuskarta zuwa kafaɗarta, ya tsaya a can. Ta ci gaba da waƙa, ta ƙanƙame jiki, ta daddage wuya. Kafaɗar ta jira bugu biyu, ta sake yi, har da ɗan ƙari. Mama ta dubi dama, ta dubi hagu. Duk layin abin da yake yi ke nan, kafaɗu takwas suna tashi suna sauka tare kamar an ɗaura su da igiya ɗaya. Mutum ɗaya ce a ɗakin ke tsaye ƙiƙam kamar sandar fitila, ita ce Roseline, can baya, ta saki baki.

Mama ta ɗaga hannu. Na tsaya.

"Tun yaushe nake yin wannan?" ta tambaya. Madubi take kallo, amma da ni take.

Wannan karon muryata ta fito, 'yar ƙarama. "Tun da na zo, Mama."

"Kullum?"

"In dai kiɗan kaka ne."

"Ei, Mama," in ji Anti Akosua, "da kin sa fararen kaya da Balbelu huɗu ne. Ke ce ma za a sa a tsakiya."

Wata ta toshe baki da gefen kallabi. Wata ta juya wa madubi baya, kafaɗunta na girgiza, wannan karon da dariya. Mama ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kafaɗar hagu a hankali, da gangan, ta sauke, kamar mai gwada takalmi a kasuwa. Sannan ta juyo.

"Roseline, zo nan."

Roseline ta zo ta rusuna.

"Ashe ke ɓarauniya ce."

"Mama?"

"Kin shiga coci kin sace mana abu, kin kai talabijin, kin sa masa hoda da jan baki har na gan shi ban gane shi ba. Shekara nawa yana hannunki?"

"Goma sha ɗaya, Mama."

"To yau kin dawo da shi." Ta ɗauki ledar daga kan tebur, ta zaro zanin, sabo fil, da ƙanshin akwati a jikinsa, ta ɗora mata a kafaɗar hagu. "Rusunawar nan da fari da ido, ki bar wa mai keke. Sauran namu ne."

Roseline ta rungume zanin, ta sa fuska a ciki. Anti Akosua ta ce ta yi a hankali, kada ta jiƙa shi tun kafin wankin farko.

"Ke kuma, Jimmai," in ji Mama. Na miƙe da sauri har na kusa ture tulu. "Shekara guda kina kallon bayana kina shiru. Je ki rufe mini madubin nan."

Na je na rufe.

Ranar Godiya ba mu da dammunan dawa, sai muka ɗauko abin da muke da shi: buhunan shinkafa ƙanana, kabewa, dankali, wata ma da kwalin taliya. Suka shigo a layi da kaya a ka, su tara, zani iri ɗaya, ni kuma ina zaune a baya da tuluna. A waƙa ta uku Mama ta ja da baya taku ɗaya, ta taɓa gwiwar hannun Roseline. Roseline ta ɗauko ɗaya daga cikin sababbin waƙoƙinta, ta jefa baitin farko, ta saurara. Mata takwas suka amsa mata da murya ɗaya. Ba wanda ya tafa.

Daga inda nake ina ganin bayansu duka. A tsakiyar waƙar Mama ta ɗan karkato, ba tare da ta sauke kabewar da ke kanta ba, ta ce wa Roseline wani abu a kunne. Bayan an tashi na tambaye ta abin da Mama ta ce.

"Cewa ta yi ina saurin ɗaga ta dama. Wai in dubi yadda take yi."